Gubar da Babu Wanda Ya Zuba

A ƙasarmu, daga Tafoki zuwa Sheme, daga Ƙanƙara har Sabuwa, idan aka ce wane ya ci guba, tambayar da ke fara fitowa daga baki ita ce: wa ya ba shi? Ba mu saba tambayar abin da ya ci ba, balle mu tambayi nawa ya shiga cikinsa. A kunnenmu guba ƙanwar sammu ce, sammu kuwa ba ya tafiya sai da mai aike. Shi ya sa idan gida guda ya kwanta da amai da gudawa bayan tuwon dare, kafin a nemo babur ɗin da zai kai yara asibiti an riga an fara ƙidayar wadda ta yi girki, da wadda ta wuce ta gaban murhu, da wadda aka ji ta yi gunaguni shekaran jiya. Sau da yawa yaran kan warke. Zargin ne ba ya warkewa. Mun san aurarrakin da suka mutu a kan haka, mun san matan da suka tsufa ana kauce wa furarsu, alhali abin da ya kwantar da gidan yana can cikin buhun waken da maigida ya zuba wa magani da hannunsa tun kaka.

Akwai mutanen da sana'arsu ita ce su yi ɗaya tambayar. Su ne masana ilimin guba, kuma suna da ƙungiyoyi kamar yadda mahauta da maƙera suke da nasu. Ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da SOT, an kafa ta a 1961. Kowace shekara, wajen watan Maris, dubban masana kan hallara a taronta, su gabatar da bincike, su raba lambobin yabo, su kuma buga abin da suka gano a mujallarsu. Akwai uwar ƙungiya ta duniya, IUTOX, da aka kafa a 1980, wadda ke shirya babban taro duk bayan shekara uku, da wani taron na daban domin ƙasashe masu tasowa. Yammacin Afirka ma na da tata, WASOT. Waɗanda suka yi boko a cikinmu sukan ci karo da labaransu a waya: an zaɓi sabbin shugabanni, an buɗe neman tallafin tafiya taro ga matasan masu bincike, an fitar da matsaya a kan wani sinadari. Labari ne mai tsabta, na mutane masu kwat da katin suna rataye a wuya. Wanda ke karanta shi a gindin bishiyar ɗorawa cikin zafin bazara zai iya rantsewa ba da shi ake ba.

Ko sunan ma da wuyar faɗa a gida. Ka ce wa Iya ko Gwaggo akwai ƙungiyar masana guba, sai ta riƙe haɓa ta ce, “Ɗan nan, har ƙungiya suka yi?” Domin a saninta wanda ya san guba shi ne wanda ke zuba ta.

Amma kakanninmu ba jahilan guba ba ne, wannan kam a yi musu adalci. Maharba sun san kwankwani, sun san yadda ake dafa 'ya'yansa a shafa wa kibiya, sun san a yanke naman da ke kewaye da inda kibiyar ta shiga a jefar. Daga irin wannan tsiro ne Turawa suka fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarshen ƙarni na 19, abin da ke kashe barewa shi ne ke tallafar zuciyar tsoho idan an rage shi ƙwarai. Wannan shi ne tushen ilimin gaba ɗaya, kuma wani likita ɗan Suwizalan mai suna Paraselsus, wanda ya rasu a 1541, shi ake jingina wa bayaninsa: yawan abu ne ke mayar da shi guba, ko gishiri ne, ko ruwa. Iyayenmu mata sun san rogo mai ɗaci ba a cinsa sai an jiƙa an shanya. Kowane yaro an gargaɗe shi da zaƙami, wanda ba banza aka yi masa laƙabi da haukata-yaro ba. Har gwaska an sani, wadda a zamanin da ake shayar da wanda ake tuhuma da maita, a ga ko zai amayar ko zai mutu. Ka ga ko a nan, an ɗauki guba an sa ta aikin neman mai laifi.

Wancan ilimin yana da malamai. Ɗa ya gada wurin uba, 'ya ta gani wurin uwa, kuma gubar tana tsirowa a dajin da kowa ya sani. Abin da ya same mu a shekarun nan shi ne sababbin guba sun shigo gidajenmu a cikin kwalba da leda da buhu, ba su zo da malami ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar maƙwabtanmu. Daga 'Yankara, ƙafa kaɗan ka shiga ƙasar Tsafe, ka shiga Zamfara. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara suka fara mutuwa. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai a ɗauka a kai makwanci. Kowa ya kawo abin da ya sani: wasu suka ce sanƙarau ne tunda lokacinsa ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce iska. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan annoba, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Suka ba da maganin zazzaɓi da na ƙwayoyin cuta, bai yi ba. Sai da aka ɗebi jini aka aika ɗakin gwaji a Turai kafin abin ya sami suna: gubar dalma.

Ga yadda ta shiga. Farashin zinariya ya tashi a duniya, har oza guda ta haura dala 1,200 a shekarar. Manoma suka koma haƙa. Dutsen da suka tarar mai zinariya yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Suka riƙa kawo shi gida a buhu, a farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Matan da ke cikin kulle suka sami sana'ar da za su yi ba tare da sun fita ba. Ƙurar ta zauna a ƙasa, a tabarma, a bakin ƙwarya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida gida a Dareta da 'Yar Galma, sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da suka mutu a yankin ta kai aƙalla 400.

Akwai wani abu a labarin da ba ya barin ranmu. Kafin yara su fara mutuwa, agwagi ne suka fara ƙarewa a garuruwan. Mutane sun gani, sun yi maganarsa, amma ba wanda ya haɗa mutuwar agwagwa da lafiyar ɗansa. Wa zai haɗa? Agwagwa tana kiwo a ƙasa da bakin tafki inda ake wanke garin dutse, ita ta fara ɗauka. Da a ce akwai mutum ɗaya a kusa da ya san wannan karatu, da agwagin sun ishe shi gargaɗi watanni kafin makoki.

A nan ne tambayar “nawa” ta nuna amfaninta. Ana auna dalma a jini da maikirogiram, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan, a cikin kowace desilita. Idan yaro ya kai 45 ana sa shi a magani na musamman. Ƙaramar na'urar da aka zo da ita ƙauyukan iyakar ƙidayarta 65, yara da yawa kuwa sun wuce inda take iya karantawa. A cikin waɗanda aka gwada a garuruwan nan biyu, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Ƙasar tsakar gida kuma, wadda a Amurka a lokacin ba a yarda ta wuce kashi 400 cikin miliyan ba a wurin wasan yara, an sami inda ta haura 100,000. Lambobin nan su suka nuna wane yaro za a fara ɗauka, wane gida za a fara share wa ƙasa. Maganin, wanda ake kira sukusima, yana kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Saboda haka sai da injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka haɗu da mutanen gari aka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Gida bayan gida, gari bayan gari. Abin da dalma ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa. Akwai yaran da suka rayu da makanta, ko shanyewar jiki, ko karatun da ba ya zama.

A duk wannan babu kishiya, babu maye, babu maƙiyi. Uba ne ya ɗauko buhu a ka domin ya sayi hatsi da atamfar salla. Uwa ce ta daka domin ta tara kayan ɗakin 'yarta. Da an tsaya a kan “wa ya ba shi,” amsar da za a samu ta fi ƙarfin zuciyar kowane mahaifi, kuma ba za ta ceci yaro ko ɗaya ba.

Sauran labarin na gwamnati ne, kuma mun san irinsa. A watan Mayun 2012 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Abuja a kan gubar, masana suka zo daga nesa, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Bagega, garin da ya fi girma cikin waɗanda abin ya taɓa, ya jira har farkon 2013 kafin a saki kuɗin share shi, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun cika intanet da kiran a ceci garin. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Masana sun yi nasu: sun auna, sun rubuta, sun faɗa. Iyakar ƙarfin ƙungiyar masana ke nan a gaban mai riƙe da asusu, kuma gara a san da haka tun wuri.

Dutsen nan mai dalma ba baƙonmu ba ne. Shi ne kwalli. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka tarar da dalma a jininsa, aka bi diddigi aka gano tozalin da ake sa masa a ido ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce. Wace uwa ce a cikinmu ba ta sa wa jinjiri kwalli ranar suna ba? Hukumar da ta ce a da sai jini ya kai 10 ake damuwa, ta sauko zuwa 5 a 2012, ta sake saukowa zuwa 3.5 a 2021, kuma masana sun haɗu a kan cewa babu adadin dalmar da za a ce lafiya ne a jikin yaro. Wannan magana ta yi shekaru tana yawo a takardunsu. Ba ta iso ɗakin mai jego ba.

Mu dai a nan manoman masara ne kafin komai. Abin da ke cika kasuwannin Sheme da Ɗandume da Funtuwa daga gonakinmu yake fitowa, kuma noman yau ba ya yiwuwa sai da feshi. Kuɗin 'yan ƙodago ya fi ƙarfin talaka, tsaro kuma ya sa ba mai son ya wuni a gonar da ke bakin daji. Aikin da mutum goma za su yi da fartanya a kwana biyu, yaro ɗaya da tankin feshi a baya zai gama shi kafin azahar ya gudo gida. Ba mu ga laifin wanda ya zaɓi haka ba. Amma a dubi yaron. Singileti ne a jikinsa, silifas a ƙafarsa, tankin yana ɗiga a gadon bayansa, idan bakin ya toshe sai ya sa baki ya hura. Da hannu yake motsa haɗin, da hannun yake cin ɗumame. Wani maganin ciyawar da ya daɗe a kasuwanninmu, farakwat, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, domin kurɓa kaɗan ke lalata huhu kuma ba shi da makari. Rubutun gargaɗin yana jikin galan, da Turanci, da ƙananan haruffa. Idan galan ɗin ya ƙare a wanke shi a zuba man gyaɗa ko ruwan zuwa gona.

Sai ajiya. Wake ba ya jure ƙwari, mai wake kuwa so yake ya riƙe shi har farashi ya tashi. Sai a yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, waɗanda sinadarinsu, daikulobos, ba a yi shi domin a zuba a kan abin da za a ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya, saboda iyakar da ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, ana kuwa samun wanda ya kai 4.6. An yi ta kukan asarar kasuwa a jaridu. Mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne: waken da aka ce bai cancanci cikin Bature ba, wa ya cinye shi? Akwai kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, wadda idan ta sha danshi take fitar da iska mai kashe ƙwari. Iskar ba ta san ƙwaro ba, ba ta san yaro ba. A gidan da ɗaki ya yi kaɗan, ko aka ji tsoron barin hatsi a rumbu saboda masu zuwa da dare, buhunan sukan kwana ɗaki ɗaya da yara. Ita ma ba ta da makari. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta fito da shi, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi buhun gargajiya tsada, kuma ɓera ɗaya ya isa ya ɓata shi, amma wanda ya gwada ya san waken da ke fitowa daga ciki.

Wadda ta fi duka shiru ita ce ta fumfuna. Masara ko gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka shanya ta a ƙasa ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, takan yi wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa. Dahuwa ba ta kashe ta. Idan ta yi yawa takan kashe nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Idan kaɗan kaɗan ce sai ta zauna tana cin hanta shekara da shekaru, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, har ta kai ga daji. Mu kuwa mai kyau muke kai wa kasuwa, tsintar da ta yi baƙi mu niƙa a gida ko mu ba kaji. Idan magidanci ya kai arba'in cikinsa ya kumbura idonsa ya yi ɗorawa, mun san abin da ake cewa: an yi masa jifa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka rina shuɗi aka shafa mata irin fumfunar da ba ta da guba, a watsa a gona kafin masara ta yi fure domin ta kore mai cutarwar. Dabara ce mai kyau. Manoma nawa ne a Tafoki suka taɓa ganinta da idonsu, wannan malaman gona ne za su amsa, in an same su.

Idan tsautsayi ya faɗa, sa'ar farko ita ce komai, kuma a cikinta ne muke yin abin da muka gada. A danne mutum a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro. Niyya mai kyau ce. Amma yaron da ya sha kananzir idan aka sa shi amai, kananzir ɗin huhu yake komawa, kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa duk abin da aka ɗura masa yana iya shaƙe shi. Wanda maganin ƙwari irin su fiya-fiya ya kama yana da alamu da ma'aikacin lafiya zai gane: yawu na dalala, gumi, ɗan baƙin ido ya ƙanƙance, ƙirji na kurnu. Akwai allurarsa, atirofin, ba ta da tsada, tana ceton rai idan an ba da isasshiya da wuri. Abin da ake so a gida kaɗan ne: a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikin da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti. Amma asibitin da ke da kayan aiki yana Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, hanyar kuwa bayan magariba kowa ya san halinta.

A ƙasashe da dama akwai lambar waya da ake kira dare da rana, a karanta sunan da ke jikin kwalba, masani ya faɗi abin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashen da ke da irin wannan cibiya ba su kai rabi ba, Afirka kuma tana cikin inda gibin ya fi faɗi. Da za a tambaye mu abin da muke so daga ƙungiyoyin masana guba na ƙasar nan, da wannan za mu fara ambata: lamba ɗaya, da mai ɗauka wanda ke jin Hausa, wanda zai iya yi wa malamin asibitin ƙauye ko mai kemis bayani a cikin minti uku. Mun sani ko waya ma ba tabbas ce ba. A watan Satumban 2021 an katse layuka a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, muka yi watanni sai an yi tafiya kafin a ji muryar ɗan'uwa. Duk da haka rediyo bai mutu ba, mumbarin Juma'a bai mutu ba, makarantun Islamiyya na matan aure suna nan cike.

Ba mu ce masana su bar ɗakin gwaji su zama masu shela ba. Aikin awo shi ne asalin aikinsu, kuma ba don shi ba da har yau ana cewa iska ce ta ɗebe yaran Dareta. Tarukan ma da muke yi wa kallon nesa, a nan ne matashin malamin jami'a daga Zariya ko Kano ke haɗuwa da wanda zai ba shi aron na'ura ko ya karɓi samfurinsa ya gwada. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne inda ilimin ke tsayawa. Ana ɗibar ƙasarmu da ruwan rijiyarmu da waken kasuwarmu a kai ɗakin gwaji, sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da ko malamin sakandare ba ya iya buɗewa sai da kuɗin waje, marubucin ya sami ƙarin girma, mai rijiyar ya ci gaba da sha. Ƙungiya ita ce ke da ikon sa wa 'ya'yanta ƙa'ida. Tana iya cewa duk wanda ya ɗebi samfuri a gari, sai ya koma ya zauna gaban mai gari da liman da ungozoma ya faɗa musu abin da ya gani da harshen da suke ji.

An taɓa yin mai kama da haka a kusa da mu. A shekarun 1970 masu bincike sun zauna a ƙasar Malumfashi suna bin ƙauyuka suna ƙidayar saran maciji, a daidai lokacin da David Warrell ke nazarin dafin kububuwa da gamsheƙa da kasa a asibitin koyarwa na Zariya. Abin da aka koya daga jinin manoman arewa ya shiga littattafan likitanci na duniya. Daga baya aka sami maganin dafi na EchiTAb da aka haɗa da dafin macizan ƙasar nan, asibitin Kaltungo a Gombe ya zama inda ake dosa, masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano suka ci gaba da matsa wa duniya lamba har Hukumar Lafiya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Manomin Kaltungo yau ya san akwai allurar kububuwa, ya san sunan wurin da ake samunta. Bai halarci taro ko ɗaya ba, ilimin ne ya yi tattaki ya same shi, ko da yake ya ɗauki shekara talatin da ɗoriya a hanya.

Kowace shekara a ƙarshen Oktoba ana makon yaƙi da gubar dalma a duniya. Ƙungiyoyi kan fitar da sanarwa, a yi lacca a Abuja ko Legas, a ɗauki hoto da allon rubutu. A daidai makon nan mu muna karyar masara, muna shanya ta a gefen kwalta, 'yan kasuwa na bin ƙauyuka da kwalaben maganin ajiya a bayan babur, samarin da suka gama aikin gona kuma suna ɗaure ƙullin kayansu za su tafi cin rani. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024, MSF kuma ta miƙa aikin dalmar ga jiha tun 2022. Zinariya ta ninka farashinta na 2010. Cikin samarinmu akwai masu nufar ramuka a Zamfara da Neja da Birnin Gwari, su dawo da kuɗin aure, da ƙura a rigarsu, wani lokaci da ɗan buhun dutse da 'yar kwalbar zaiba da za su ƙone a bayan ɗaki. Yawancinsu suna goye a bayan iyayensu mata lokacin da aka kankare ƙasar Dareta, kuma ba wanda ya taɓa ba su labarin agwagin.